Turaren Wuta a Tsakiyar Teku

Mahaifiyata ta gama takaba a gidana da ke unguwar Sedgefield, amma zuciyarta ba ta fita ba. Abinci sai an lallashe ta, hira kuwa daga "to" sai "Allah ya kyauta". Na ji tsoron kada baƙin ciki ya ɗauke min ita. Shi ya sa na yankar mana tikitin jirgin ruwan shaƙatawa na kwana huɗu, muka tuƙa mota har Florida, inda za mu hau jirgin.

Ɗakin da muka samu ba taga, sai warin maganin shara. Rana ta biyu da la'asar na hau sama ɗebo mana shinkafa. Ina dawowa na ji ƙararrawa, ga ma'aikata uku a ƙofarmu. Ashe Mama ta ƙunso kasko da gawayi a cikin zannuwanta, da turaren wutar da ta sa aka sayo mata a wani shago da ke titin Gate City Boulevard. Ta kunna, ta kishingiɗa, barci ya sace ta. Garwashi ɗaya ya faɗo, har ya fara cin bakin zanin gado kafin ma'aikatan su kashe shi.

Babban jami'in da ke cikinsu bai ɗaga murya ba. Ya ce a teku sun fi tsoron wuta a kan ruwa, domin ba inda za a gudu, kuma suna iya sauke mu a tasha ta gaba. Mai gyaran ɗakinmu, wata baiwar Allah 'yar Indonesiya, ita ta yi ta ba shi baki har ya haƙura da ƙwace kaskon. Har gobe ina yi wa matar nan addu'a, ita da wanda ya ƙera ƙararrawar.

Suna fita na rufe ƙofa, na sauke wa Mama kwandon faɗa. Ni dama ba a rasa ni da baki.

"Haba Mama! Mutum dubu nawa ne a jirgin nan? So kike ki ƙone mu?"

Ta bar ni na gama tas, tana kallon gurbin ƙunar.

"Na yi kuskure, 'yar nan," ta ce. "Tun ranar da aka fita da babanku ban yi marmarin ƙanshi ba, sai yau."

Na zauna kusa da ita. Can ta leƙa farantin da na ajiye, ta ce shinkafar nan ko yaji babu?