Ragon Inna da Ikon Ƙoli

Shekarun baya can, a Layyar farko bayan samun 'yancin kai, yayana ya shigo mana gida da wata kalma: ƙoli. Bai daɗe da samun aiki a biron kwamanda, wato ofishin mai mulkin yanki, a Zinder ba. Abu kaɗan sai ya ce, "Yanzu ikon ƙoli na hannun gwamnati." Na taɓa tambayarsa ma'anarta, ya dube ni sheƙeƙe, ni da na ƙare a dukanci ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, ya ce, "Wanda babu kowa samansa, kuma ba ya jiran kowa."

A shekarar mahaifiyata na da rago. Tun yana ɗan ƙarami ƙanenta ya kawo mata shi daga Droum, ta yi ta kiwonsa da dusa da harawa. Tun da mahaifinmu ya rasu ba ta samu ikon yin layya ba sai wannan karon.

Kowa a garin ya san ba a yanka sai liman ya yanka nasa. Wanda ya riga shi, nama kawai ya samu, ba layya ba. Amma yayana so yake cinyar gidanmu ta riga ta kowa isa gidan sabon maigidansa. Ana sallame sallar Idi ya sulale, bai tsaya huɗuba ba. Kafin in dawo har an feɗe ragon.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Yaya, liman fa bai yanka ba!"

Ya ce, "Zamanin jiran wani ya wuce. Cinyar nan gidan masu ikon ƙoli za ta."

Duk cika bakin da nake yi cewa wata rana sai na gaya masa magana, ranar sai na ja da baya. Tsayawa na yi ina huci kamar tunkiya.

Inna na zaune bakin ɗakinta. Shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi masa faɗa a gaban mutane. Sai ta juyo wajena ta ce, "Tambayar mini shi, mai ƙolin nan shi zai karɓi layyar tawa?"

Yayana ya naɗe cinyar ya fita.

Da yamma ta raba naman ga maƙwabta. Duk wanda ya ce mata Allah ya karɓa, sai ta ce, "Ku dai ci, nama ne. Baɗi in da rai."

Ba ta kai baɗin ba.

Mun shirya da yayana tuntuni, ya kuma nemi gafararta tun tana raye. Amma har yau in na ji ana ta ƙoli-ƙoli a rediyo, raina sosuwa yake. Mutumin da aka kai wa cinyar ko shekara bai yi a kujerar ba aka canza shi, kuma bai taɓa sanin ragon wa ya ci ba.