Na Fasa Wa Malamar Ɗana Ido

A shekarun da kuɗi suka fara yawo a Abuja bayan dawowar mulkin farar hula, ni babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, ga mota ga direba, ga kuma zuciya a kusa. Ɗa ɗaya Allah Ya ba ni, ɗan shekara uku, na sa shi a nazare mai tsada. Malamar ajinsu 'yar Gbagyi ce, kullum daga Masaka take zuwa. Ko sunanta ban taɓa tambaya ba, anti kawai muke ce mata.

Wata Laraba ina yi masa wanka na ga jini ya kwanta masa a cinya da gadon baya, baƙi ƙirin. Ban tambaye shi abin da ya faru ba, cewa na yi ko anti ce ta doke shi. Yaro ya ga idona ya yi ja, ya gyaɗa kai. Washegari na faɗa ajin ba sallama, na cakumi wuyan rigarta, na kira ta arniya, na ce dama irinsu ba sa ƙaunar 'ya'yanmu. Tana ta roƙona in duba littafin yaron, ni kuwa na cire takalmina mai tsini na shiga ƙwala mata. Bugu na uku a idonta na hagu ya sauka. Ta faɗi kan teburin yara, jini ya wanke littattafansu, su kuma suna ta ihu. Mai makarantar ni ya ba haƙuri, ita kuwa a ranar ya sallame ta. Wallahi da alfahari na koma ofis.

Bayan mako biyu tabon jikin yaron ya ƙaru, ga haɓo ya ƙi tsayawa. Likita ya ce ciwo ne, jinin yaron ba ya daskarewa, ko ɗan gogar kujera ya yi sai jini ya kwanta masa. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Da na koma gida na zazzage jakarsa, na sami ɗan littafin da malamai ke rubuta wa iyaye saƙo, wanda ban taɓa buɗewa ba. Sau uku anti ta rubuta cewa tabo na fito wa yaron ba tare da ya faɗi ba, don Allah Hajiya a kai shi asibiti.

Na nemi gidan su malamar a Masaka. Yayanta ya hana ni shiga, ita ta fito da kanta. Idon ya mutu, kuma duk nazaren da ta je neman aiki an ce yara za su ji tsoronta. Na durƙusa ina kuka. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta zage ni ba, ta dai tambaya ko an kai yaron asibiti.

Har yau kunya da tsoron haɗuwata da Allah ba su bar ni ba. Da Bahaushiya ce 'yar'uwata, na san da na tsaya na saurare ta. Iyaye, kafin ku ɗaga hannu kan mai rainon 'ya'yanku, ku bari ta gama magana. Ɗana yanzu yana jami'a, ita kuwa tana sayar da doya a bakin titi da ido ɗaya.