Zymer da Ake Binnewa Kowace Safiya

Zymer maƙwabcinmu ne a Valbona. Tumaki yake kiwo, amma tun yana yaro babu abin da ya ƙware a kai kamar barci. Shekarar da wani kamfani ya kawo helikwafta kwarinmu, yana kai baƙi ƙolin tsauni su sulalo kan dusar ƙanƙara, a nan ya sami aikin da ya dace da shi.

Kafin baƙo ya hau jirgi, sai an koya masa tono mutum idan ƙanƙara ta zafto ta rufe shi. Da farko jaka ake binnewa, amma baƙin ba sa tausayin jaka, suna tono suna hira. Manaja ya ce mutum ake so, aka ɗauki Zymer. Kowace safiya sai ya shiga rami a bayan masaukin baƙi da bargonsa, a rataya masa na'urar da ake bin sawunta, a ba shi bututun numfashi, a rufe shi, a saki baƙi da shebur.

Mahaifiyarsa, Inna Hajrie, ta kai ƙara wajen liman, wai ana binne mata ɗa ba wanka ba sallah. Liman ya yi nazari, ya ce tunda ana dawo da shi kafin azahar, ba ruwan masallaci. Matar Zymer, Shkurte, kuwa cewa ta yi ko a gida ai haka yake. Shi dai ya ji daɗin aikin, baƙi masu gaggawa kawai ke ɓata masa rai. Wani Bajamushe ya taɓa tono shi tun bai gama gyara kwanciya ba, Zymer ya ce masa, "Bawan Allah, korar ka ake yi? Mayar da ni."

Wata rana iska ta bugi jirgin wajen sauka a kan tsauni, ya kwanta a gefe, farfela ta kakkarye. Kowa ya fito da ƙafarsa, mace ɗaya ce kawai ta gurɗe a hannu. Sai dai sun firgita, kuma abu guda aka koya musu game da haɗari. Suka zaro shebur suka hau tono suna kiran Zymer. Matuƙin ya yi ta rantsuwa cewa Zymer bai taɓa hawa jirgi ba, babu wanda ya saurare shi. Masu ceto suka tarar da ramuka ko'ina, baƙi na kuka.

Labari ya sauko gari cewa Zymer ya ɓace a tsauni. Mata suka cika gidansu da farantan burek, gurasar nan mai cuku a ciki, Inna Hajrie ta fara karɓar gaisuwa. Shkurte kuwa ta ɗauki shebur ta nufi bayan masauki. Ashe bayan darasin safe komawa ramin Zymer ya yi ya ja ƙanƙara ya rufa.

Ta ce, "Tashi, wai ka mutu. Gida cike yake."

Ya tambaya ko an kawo abinci, ta ce an kawo, sannan ya fito. Ya zauna cikin masu zaman makokinsa ya ci ya ƙoshi. Da baƙin suka sauko suka rungume shi, sai da ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, don kowannensu ya yarda shi ya cece shi.

Ya ci gaba da aikin har sanyi ya kama masa baya, likita ya hana. Yanzu ƙanen Shkurte ake binnewa. Zymer kan zauna a bakin ramin da shayinsa yana girgiza kai, wai ƙanen matar tasa motsi ya yi masa yawa.