Warƙoƙin Ƙarshe da Na Sayar

Ni ɗan mai sayar da hatsi ne a kasuwar Sakkwato. Mahaifina bai yi karatu mai zurfi ba, saboda haka ya sa wa ransa ni sai na yi. Bayan na sauke Alƙur'ani ya kai ni zauren wani malami da ke karantar da manyan ɗalibai fiƙihu da nahawu da lugga. Allah ya ba ni baki, ya ba ni saurin ɗauka, ni kuwa na haɗa su da lalaci. Ina rubuta wannan ne don ku samari masu karatu, kuma raina a ɓace nake rubuta shi, don har gobe wasunku na zuwa ƙofata neman abin da ya kai ni gidan yari.

Malam yana da wani tsohon littafin hikayoyi na Larabci da yake koya mana lugga da shi. Ba ya yarda ɗalibi ya tsaya a fassara. In an gama hikaya, kowa sai ya rubuto sharhinsa: mene ne halin kowane mutum a cikinta, me take son nuna mana, kuma a wane layi ka ga haka. Sai ka karanta a gaban jama'a. Da ka yi wata magana mai daɗi za ka ji Malam ya ce, "Ina hujjarka?" Wannan tambaya ta hana ɗalibai da yawa cin tuwo da daɗi.

Ni ba ta dame ni ba. Da farko taimako nake yi tsakani da Allah, in ce wa mutum duba nan, ga inda marowacin ya tona kansa. Wata rana wani ya kawo mini fura don godiya. Wani ya kawo goro. Kafin in ankara na yanka wa sharhi farashi, har ina da na mai hali da na talaka. Daga nan na daina karanta hikaya har ƙarshe. In leƙa farkonta, in ga wane ne mai fara'a in ce shi ne na kirki, mai ɗaure fuska in ce shi ne mugu, in yayyafa kalmomin Larabci masu nauyi a kai. Sau da yawa yana dacewa, abin da ya ƙara lalata ni ke nan.

Kun dai san littattafanmu ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a jere cikin gafaka, Malam ya ɗebo maka wani kashi ka je ka yi nazari ka mayar. Ranar nan ina zaune a rumfar mahaifina da aron littafin nan, sai wani farke da ya zo sayen gero ya ga rubutu a hannuna. Ya ce zai yi tafiya mai nisa, ko ina da layar da ke tsare mutum daga cin amanar abokin hanya. Na ce ai ita ce ma a hannuna. Na zaro warƙoƙin ƙarshe na hikayar da ta fi kowace tsawo, wadda Malam ke ajiye wa masu neman kammalawa, na naɗe masa ya kai wa baduku. Ko duba abin da ke cikinsu ban yi ba. A raina na ce kafin wani ya kai nan an daɗe. Ban kuma tsaya a kansa ba, fatake da yawa sun bar garin nan da gutsattsarin littattafan mutane a damtsensu.

Wanda ya fara kaiwa wurin shi ne Ummaru, wani magidanci daga Kwalkwalawa. Limamin ƙauyensu ya tsufa ƙwarai, sai mutanen garin suka turo shi ya yi karatu ya koma ya gaje shi, suna nome masa gonarsa suna ciyar da iyalinsa. Ummaru ba shi da sauri. Layi ɗaya zai yi ta bi da yatsa har ka ji kamar ka fizge takardar. Amma da naci ya kai inda abin da ya rage masa kawai shi ne ya yi sharhin doguwar hikayar nan, Malam ya ba shi izinin karantarwa.

Hikayar wani ayari ce da ke ƙetare hamada. Akwai madugu mai faɗa, mai auna wa mutane ruwa kamar yana jin ciwo, akwai kuma jagaba, wato mai nuna hanya, mutum mai fara'a da daɗin baki. Ummaru ya same ni da hantsi a bayan rumfa, allonsa a hammata, fuskarsa duk ta yi wani iri.

Ya ce, "Ɗan'uwa, labarin ga ya yanke. Sun kusa rijiya, sai babu sauran warƙa. Kai da ka taɓa aro nai, mi yaf faru?"

Abin da ya kamata in ce a bayyane yake, amma ban ce ba. Na fara tsorata shi. Na ce, "Kak ka hwaɗa ma Malam, cewa za shi yi kai ka yasda su." Sannan na gyara zama na shirya masa ƙarshen labari daga kaina: jagaba ya kai su rijiya lafiya, madugu ya ji kunya ya nemi gafara. Na ce ma'anar hikayar ita ce fara'a ta fi tsanani, jagaba shi ne aminci, madugu shi ne girman kai.

Ummaru ya dubi allonsa. A nan yake fara rubuta sharhi kafin ya mayar a takarda, don takarda na da tsada. Ya ce, "Ni kau jagaban ga bai kwanta mani ba. Haka nir rubuta."

Na yi dariya. Na ce, "Ummaru, wannan karatu na, ba noman shinkahwa ba." Na yi ta zuba masa kalmomi har ya raina kansa. Ya ce to a wanke. Na ɗauko buta ina zuba masa ruwa yana cuɗa allon da hannunsa, ban ko karanta abin da ke kai ba. Na yi masa shifta ya rubuta nawa, kuma na karɓi ladana ban rage masa komai ba.

Ranar karatun, mahaifinsa ya zo da dattawan Kwalkwalawa, sun sha wankakkun riguna, an ɗaure rago a ƙofar zaure. Bayan la'asar Ummaru ya buɗe takardarsa ya karanta. Ya yabi jagaba, ya ce irinsa ya kamata musulmi ya zama, ya yi wa madugu tatas. Dattawa na ta gyaɗa kai. Malam bai ce ina hujjarka ba.

Ya ce, "Ummaru, har ina ka karanta?"

Ummaru ya ce, "Allah shi gafarta Malam, har ƙarshe."

Malam ya ce, "To a ƙarshe jagaban da kaka yabo shi yas sai da ayarin ga 'yan hwashi bakin rijiya. Madugun da kaz zaga shi yat tsaya har anka kashe shi don sauran su tsira." Ya miƙa hannu a ba shi littafin, ya bi warƙoƙin, ya ga inda suka tsaya. Ya ce ɓatan takarda ƙaddara ce, amma mai cewa ya karanta abin da bai karanta ba, ba zai ba shi izinin tsayawa gaban mutane ba.

Ummaru ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin yatsun ƙafata. Bai ambaci sunana ba. Mahaifinsa ya tashi da kyar, aka kwance ragon aka koma da shi.

Asirina ya tonu ne ta hannun farken nan. Ya dawo bayan damina, abokin tafiyarsa ya gudu da jakunansa, alhali layar na ɗaure a damtsensa. Don haushi ya farke ta ya kawo wa Malam a masallaci ya duba masa ko an yi kuskure a rubutun. Malam ya ga rubutunsa shi kansa a gefen warƙa. Ku dubi wannan abin takaici: mutum ya yi watanni yana yawo da labarin maci amana a ɗaure a jikinsa don tsarin cin amana, ni da na sayar masa ban sani ba. Dogarai suka kama ni a kasuwa a gaban mahaifina. Alƙali ya sa aka yi mini bulala, aka kai ni gidan yari aka sa mini mari. Mahaifina bai sake zama a rumfar nan ba, ƙanena ya bar wa.

Na daɗe a ciki. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin ƙwarƙwata da ɗan tuwon da ake jefo mana ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan yi wa daɗin baki, don mari ba ya jin Larabci. A nan na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa.

Da aka sake ni na nufi Kwalkwalawa. A hanya na ji cewa Malam ya aika wa Ummaru ya dawo bayan gaskiya ta fito, amma tsohon limamin ya riga ya rasu, garin ya ɗauko wani daga waje, waɗanda suka nome masa gona kuma sun gaji da yi masa kara. Na same shi a fadama cikin shinkafa, laka har gwiwa. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Na zaci zai zage ni, da ma ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ba warƙoƙin ka ci mani rai ba. Ni na gane jagaban ga tun hwarko. Dut abin da anka tambaye shi shina da amsa, rijiya, taurari, hanya, bai taɓa cewa ban sani ba. Madugu kau ya ce ban sani ba wuri da yawa, na ƙirga su. Shi nir rubuta ga allona. Da shi nik karanta, ko babu ƙarshen da Malam ya karɓa." Ya share gumi da bayan hannu. "Na yahe maka. Matsa kaɗan, kana taka mani shuka."

Yanzu dako nake yi a kasuwa, kuma duk da haka ba ku bar ni na huta ba. Kwanan nan wani saurayi mai tsabtatacciyar riga ya tare ni, wai ya ji ni gwani ne, in gaya masa halin mutanen wata hikaya don gobe zai tsaya gaban malaminsa. Na tambaye shi ko ya karanta ta. Ya ce ta yi tsawo. Na ji kamar in sauke masa buhun geron a ka.

To ku ji ni da kyau, don na gaji da maimaitawa. Ku karanta abu har ƙarshensa da idonku. In warƙa ta ɓata ku ce ta ɓata, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Kada ku yanke wa mutumin cikin labari hukunci da fara'arsa, ku bi abin da ya yi da abin da ya faɗa layi layi, ku riƙe hujjarku. In kun ga wani abu da kanku, ko da kuna ganin ku masu nauyin kai ne, kada ku bari wani mai zaƙin baki ya raba ku da shi. Sharhin da ya fi kowane kyau a zauren Malam ba a taɓa karanta shi ba. A bayan rumfar hatsi aka wanke shi, kuma ni na riƙe butar.