Yadda Gangar Noma Ta Ɓace Mini a Cikin Sito

A da, idan damina ta yi nisa a ƙasarmu ta Funtua da Malumfashi, ba sai an gaya maka gonar da ake gayya ba. Tun daga nesa za ka ji gangar noma, kuma ba kunnenka ne yake fara jin ta ba, cikinka ne. Yau tarakta da maganin feshi sun raba mutane da gayya, gangar kuma sai dai a waya. Na yi fiye da shekara talatin ina haɗa sauti a gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar waƙa, daga Kaduna zuwa Legas, daga Akara zuwa Yamai har ƙasar Sudan, amma babu aikin da ya taɓa juya mini kai kamar wata ganga guda ta ƙauye. Makon da hakan ya faru, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

Da na yi ritaya na dawo Funtua, ƙanena mai fataucin auduga ya ba ni rabin wani sitonsa in zuba kayan aikina. Dogon ɗaki ne na bulo mai ƙofa biyu. Muka rataya tamfol daga rufi har ƙasa ya raba shi: gaba nawa, da kwamfuta da sifikoki da makirfo, baya nasa, inda 'yan dako suke shiga da fita ta ƙofar baya. Abin da ke bayan tamfol bai taɓa damuna ba. Ni dai kada ɓurɓushin auduga ya shiga mini na'ura.

Ana cikin kaka, wata Litinin da hantsi, sai ga abokina na ƙuruciya daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, ganga rataye a kafaɗa. Tare muka yi makarantar allo. Ni na bi boko, shi ya gaji ubansa, ya zama Sarkin Kiɗan manoman yankinsu.

"Baturen rediyo," ya ce, "an ce kana kama murya ka kulle a akwati. To ga tawa da ta gangata, ka kama."

Na ce, "Sarkin Kiɗa, sai da ka tsufa ka tuna da ni?"

Ya miƙo hannunsa na dama. Rawa yake yi. Ya ce ran Lahadi manoman ƙauyensu za su yi taron kaka, kuma a nan yake so ya ajiye gula, wato sandar kiɗa, a gaban jama'a. Ba zai iya kaɗawa a fili ba, hannun ba ya kai minti biyar. Jikokinsa ba su taɓa jin sa da ƙarfinsa ba, labari kawai suke ji. "So nake a sa musu a lasifika su ji abin da ya sa kakanninsu suke nome gona guda kafin azahar. In suka ji wani abu daban, za su ce dama ƙarya tsofaffi suke yi."

Ya zauna ƙasa ya jingina da tamfol, ya yi bisimilla, ya tattara abin da ya rage masa ya zuba. Waƙa uku ya yi. Da ya gama, hannun ko gular ba ya iya riƙewa, ya ce na ƙarshe ke nan. Na kunna masa a nan take, muka saurara. Ya lumshe ido ya ce, "Ita ce." Na ce ya koma gida, zan ɗan gyaggyara in kawo masa.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayani kaɗan. Kowane kiɗa yana da sama da ƙasa. Kalangun Yarabawa da na sha ɗauka a Legas a sama yake magana, ko ƙaramar rediyo tana fito da shi. Gangar noma kuwa ranta yana can ƙasa, a wannan gurnani mai kauri da masu aikinmu suke kira bes, wanda ƙirji yake riga kunne ji. Shi ne mafi wuyar sarrafawa. Ka rage shi, kiɗa ya zama fanko. Ka ƙara shi, ya haɗiye muryar mawaƙi. Duk wannan na san shi, har koyar da shi na yi da Turanci da Faransanci.

Ran Talata na shigo da safe na kunna. Sai ɗakin ya ɗauki ruri. Ƙofar ƙarfe tana karkarwa, kofin shayina yana tafiya a kan tebur, muryar Sarkin Kiɗa ta nutse. Na duba na'ura, ban taɓa komai ba tun jiya. Na sauya wayoyi, haka. Na kashe janareta na jira wuta, haka. Na ce wa kaina ƙila jiya daɗin ganin aboki ne ya rufe mini kunne. Sai na kama rage bes, ina ragewa ina saurare, har ɗakin ya lafa.

Ran Laraba na hau mota zuwa Malumfashi, daga nan na hau babur zuwa ƙauye. An aro babbar sifikar da za a yi taro da ita, aka kafa ta a gindin ɗorawa. Na kunna ina murmushi. Abin da ya fito, kwas-kwas-kwas, kamar ana dukan faranti.

Sarkin Kiɗa ya dube ni ya dubi sifika. "Wane ne wannan mai gwangwani?"

Na ce, "Kai ne."

"Ni? Muryar dai tawa ce. Amma ganga, ina ka kai mini ita? Ko ka sayar wa mutanen Akara?"

Tsofaffin da ke wurin suka yi dariya, shi bai yi ba. Na ɗora laifin a kan sifika. Mai ita ya sa wata waƙar biki, ta fito da kaurinta lafiya lau. Na naɗe kayana na kama hanyar Funtua.

Ran Alhamis na ja teburina zuwa tsakiyar wurina don in nisanci ƙofar nan mai karkarwa. Na mayar da duk abin da na rage, na kunna, ina jiran ruri. Shiru. Ana jin gula tana sauka a kan fata, amma gurnanin babu shi, kamar an ɗebe da ludayi. Shekaranjiya ya yi yawa, yau babu ko kaɗan, kuma waƙa ɗaya ce, na'ura ɗaya, mutum ɗaya. A nan ne tsoro ya kama ni. Na ce shi ke nan, kunne ya tafi. Na cire agogona na kara a kunnen dama, na kara a na hagu. Da na je gida cin abincin rana na ce wa matata Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta yi mini raɗa. Ta yi raɗa ta ce miyar kuka ce yau ma. Na ce, "Yau ma?" Ta ce, "Alhaji, kunnenka ƙalau yake, je ka nemi abin da ke damunka a wani wuri."

Na gaya wa ƙanena. Ya ce, "Yaya, ni dama masu gadi sun sha ce mini sito ba ya rasa masu shi. Ko a kira malam ya yi tofi?" Na yi masa tsawa. Amma ba zan ɓoye ba, da na koma ɗakin sai da na karanta Ayatul Kursiyyu kafin in zauna. Daga nan na kama ƙara bes, ina ƙarawa ina ƙarawa, har na ji shi a inda nake zaune.

Ran Juma'a da sassafe na koma ƙauye. Ana kunnawa sifikar ta yi wani irin tari, ta kama ɓarɓar kamar tsohuwar tifa a hawa. Kaji suka watse. Murya ko alamarta. Mai sifika ya yi tsalle ya kashe, yana cewa za a yaga masa kaya. Sarkin Kiɗa ya ce, "Jibi ne fa. Na riga na gaya wa yara." Ya shiga gida ya ɗauko hularsa. "Mu je in ga ɗakin nan. In gangata tana ciki, ni zan gane ta."

Bayan sallar Juma'a muka shiga sito. Na mayar da waƙar yadda muka ɗauke ta tun farko, na kunna. Bai zauna ba. Ya dafa cikinsa da tafin hannu ya kama zagaya ɗakin a hankali, kamar mai neman inda za a haƙa rijiya. Ya tsaya a kusurwa. "Nan ta yi yawa, kamar su uku." Ya tako tsakiya, kusa da kujerata. "Nan babu ta." Ya koma jikin bango. "Ga ta kuma." Na bi bayansa, abin da ya faɗa haka yake. Taku biyu ne tsakanin ruri da shiru.

"Bari in zauna inda na zauna ranar nan," ya ce. Ya durƙusa ya saki bayansa a jikin tamfol. Sai gani na yi tamfol ya lotsa, Sarkin Kiɗa ya tafi da baya, ƙafafu a sama, hula ta yi nata wuri.

"Innalillahi! Wa ya ɗauke mini matashi?"

Na ɗaga shi, na yaye tamfol. Wayam. Babu komai sai siminti da igiyoyi. Na tambayi masu gadi, suka ce ran Litinin buhunan auduga ne cike har rufi, su ya jingina da su. Da asubar Talata mota ta kwashe su zuwa gidan gurzar auduga, ta ƙofar baya, ni ina gida.

Sarkin Kiɗa yana kaɗe rigarsa ya ce, "To ai shi ke nan. Kai da ka zaga duniya ba ka san wannan ba? Ganga a gonar da dawa ta yi tsayi daban take da ganga a fili bayan girbi. Shuka tana shan ta. In kuwa ka kaɗa a gindin dutse, sai ta dawo ta yi karo da kanta. Ubana ba ya fara kiɗa sai ya zaga gona ya ji inda zai tsaya."

Sai a lokacin komai ya faɗo mini. Gurnanin ƙasa ba ya sanin tamfol, ratsa shi yake kamar babu. Audugar nan ita take shanye shi kafin ya bugi bangon baya ya dawo. Da aka kwashe ta, sai ya riƙa kai da kawowa tsakanin bango da bango, ya taru a kusurwa, ya kashe kansa a tsakiya. Ran Talata ina kusa da bango, na rage abin da ɗaki ne ya ƙara. Ran Alhamis ina tsakiya, na ƙara abin da ɗaki ne ya ɓoye. Waƙar ba ta taɓa motsawa ba. Kuma abin kunyar, a Akara na yi shekaru a ɗakin da aka cushe kusurwoyinsa da abu mai kauri don wannan dalili. Na same shi a haka, wasu suka gina, ban taɓa tambayar abin da zai faru in babu shi ba.

Na je wurin ƙanena na ce auduga nake so, da yawa, gobe da safe. Ya ce akwai wadda za ta iso daga Dandume, amma kai tsaye za ta wuce gidan gurza. Na ce a sauke ta tukuna.

"Yaya, a sauke mota guda don ta saurari kiɗa?"

"Yini ɗaya kawai."

"Tun ina saurayi nake wannan sana'a, ban taɓa jin auduga tana da kunne ba." Ya yi ta dariya har da hawaye, amma ya sa aka sauke.

Ran Asabar 'yan dako suka jera buhuna a bayan tamfol, na sa suka tsayar da wasu a kusurwoyin wurina. Na kunna, ganga ta dawo wurinta. Gyaran da na yi kaɗan ne. Na datse can ƙasan ƙasa, wanda babu sifikar da za ta iya fitarwa sai dai ta wahala. Na bar gurnanin a tsakiya, na ɗan buɗa wa murya hanya a samansa. Na ɗaga sautin fata kaɗan don ko a waya a gane ganga ce. Sannan ban yarda da ɗakin ba duk da haka. Na saurara a mota, na saurara a wayar wani ɗan dako, na fitar da sifika tsakar fili na tsaya nesa.

Ran Lahadi bayan la'asar aka kunna a gindin ɗorawar nan, ƙauye kaf ya hallara. Bugun farko ya sauka, na ji shi a ciki. Kafin a kai rabin waƙa, kafaɗun tsofaffi sun fara sauka suna tashi tare, kamar garma na hannunsu. Wani ya yi kirari, mata suka rangaɗa guɗa. Samarin da suka zo da shirin dariya suka ciro wayoyi suna ɗauka. Wata jikar Sarkin Kiɗa da ta kusa aure ta ce, "Kaka, da gaske kai ne?" Ya ce, "A'a, mai gwangwani ne." Ya ajiye gula a kan tabarma, ya matso kunnena ya ce, "Ita ce, Bature. Ka gaishe mini da audugar."

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya gyara abin da yake ji, ya fara sanin inda yake tsaye yana jin sa. Sau biyu na kusa lalata aikin da ba shi da aibu saboda na yarda da ɗaki. Tun daga ranar buhu shida na auduga suna tsaye a kusurwoyin wurina, ƙanena ya san ba na sayarwa ba ne, kuma ba na taɓa bes sai na leƙa bayan tamfol. Gangar kuwa tana rataye a zauren Sarkin Kiɗa, ba a sake kaɗa ta ba. Jikokinsa a waya suke jin ta, kuma sun daina cewa ƙarya tsofaffi suke yi.