Farar da Aka Hana Mu Ci

Duk sanda aka sa wa daji wuta a bayan Tourou, nan gefen Parakou, ƙaurin ciyawar nan yakan mai da ni Djougou, gidan kakanninmu fataken goro.

A gidanmu ana cin fara, amma ban da baƙa. Koriyar nan ta damina Inna kan soya mana da yaji har mu lashe yatsu. Baƙar kuwa ba ta fitowa sai an ƙone fegin da ke bayan tsohon zango, inda aka binne fataken da suka mutu a hanya, ba a san garinsu ba. Da rana tsaka za ka ga sun jeru a katangarmu, ba motsi, kawunansu duk suna duban cikin gida. Sai Kaka ta fito ta yayyafa ruwa a gindin katangar.

"Mutanen zango ne suka zo gaisuwa," in ji ta. "Wanda ya ci su ya ci naman matafiyi."

Kafin ta rasu sai da ta sa Inna ta yi alkawarin ba za a taɓa soya su a murhunta ba.

Yau 'yata tana karatun ƙwari a jami'a nan Parakou. Ni ban yi nisa a lakwal ba, bokona kaɗan ne, amma ta fahimtar da ni aikin: a cire ƙafar fara a niƙa, a ciro ƙwayoyin gadon da ke ciki, a gwada da na wasu, a san wacce ce dangin wacce. Ta ce tana son baƙar. Son a yabi 'yata ya rufe mini ido. Na je Djougou, ni da hannuna na kamo mata daga katangar, Inna na barcin rana.

Bayan watanni ta same ni a tsakar gida a unguwarmu ta Ladjifarani, tana dariya.

"Baba, baƙar nan da koriyar ai iri ɗaya ne. In ta tashi a ƙonanniyar ƙasa sai ta rine."

"Ke, bar wasa."

"Wallahi, Baba. C'est la même. Riga kawai ta sake."

Wato tun muna yara su muke ci, kafin su sa baƙar riga.

Da na je Djougou na tarar da Inna tana fige fara a faranti. Ashe ta san abin da na yi.

"Me injin nasu ya ce game da mutanen zango?"

"Ya ce daban suke, Inna."

Ta dube ni. Sannan ta ce alhamdu lillahi, ta ɗora kasko.

Yanzu an yanka fegin filaye, shaguna sun hau kan kaburbura, matasan unguwa ba su ma san da su ba. Inna kaɗai ta rage da alkawarinta, tana ganin ta riƙe shi. Duk zuwan da na yi sai ta soya mini. Nakan ci a gabanta, in yi istigfari a mota har Parakou.