Gemun Kawu da Injin Numfashi

Kawuna atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, kuma tun yana saurayi aka san shi da tsokana. Ciwon ya fara masa ne daga hannu, turmin atamfa ya riƙa suɓuce masa a gaban masu saye. Daga baya ƙafafu suka bi. Likita ya ce cuta ce mai kashe jijiyoyin da ke motsa jiki, ba ta da magani, sai dai a sauƙaƙa masa. Lokacin sojoji sun koma bariki, gari ya cika da fastocin 'yan takara, shi kuwa yana zaune a gidansa a Kwaciri, kullum ya tashi da ciwon kai, ana tsakiyar hira sai ya kama gyangyaɗi.

Likita ya ce ƙirjinsa ne ya fara gajiya, lokaci ya yi da za a sa masa injin da ke tura iska ta wata roba da ake ɗaurawa a hanci da baki. Ni na je Sabon Gari na ɗauko injin wurin wani mai kayan asibiti.

Kawu ya harare shi ya ce, "Takunkumi? Ni jaki ne?"

Matarsa, wadda muke kira Iya, Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, bakinta ba ya hutawa. Ta ce, "Alhaji, bari in gwada ka gani, ba komai ba ne." Na ɗaura mata, na kunna. Kumatunta suka kumbura, ta buɗe baki za ta yi magana, iska ta mayar mata da ita ciki. Kawu ya yi dariya har sai da muka tallafe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Abin da ya iya rufe bakin Iya ba abin rainawa ba ne. Sa mini."

Aka fara kaɗan-kaɗan bayan azahar har ya saba, ciwon kan ya tafi. Sai gemunsa ya kawo matsala. Robar ba ta zama daidai a kansa, iska na zurarewa ta gefe da wata ƙara mai ban kunya, irin wadda in ta fito a taro kowa ke duban na kusa da shi. Likita ya ce a rage gemun. Kawu ya ce a taɓa a gani. Ashe ya gano cewa in ya ɗan karkata haɓa, ƙarar na fita duk sanda ya so.

Rannan wani ɗan takarar kansila ya zo dubiya da jama'arsa, Kawu na cikin robarsa. Mutumin ya gyara babbar riga ya ce, "Alhaji, in na hau, wuta ba za ta ƙara ɗaukewa a unguwar nan ba."

Ƙarar ta fito, doguwa. Ɗan takara ya waiwaya ya harari yaransa.

"Kuma kwalbatin nan ta ƙofar gida..."

Ta sake fitowa, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Iya ta toshe baki da mayafi ta ruga tsakar gida. Ni na kafa ido a tabarma, hawaye na zubo mini. Kawu kuwa fuskarsa tamkar mai lazimi. Baƙon ya yi addu'a a gurguje ya fice.

Da na cire robar, Iya ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah!"

Muryarsa ta riga ta yi rauni, sai da na sunkuya sannan na ji. Ya ce, "Ni na ce wani abu? Ku tambayi injin."

Mutumin ya ci zaɓe, kuma bai sake shigowa ba sai ranar da ya zo mana ta'aziyyar Kawu.